Hajiya da Dawakan Teku

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita a raina ba, a watana na uku da fara aiki, ina kan gwaji. Ga waɗanda ba su sani ba, gida-gida muke bi muna duba tankunan gilashi na kifin ado na ruwan gishiri. Mu auna gishiri da ɗumin ruwa, mu wanke, mu kai wa manaja rahoto.

Ni aka damƙa wa tankin Dokta Sani a unguwar Plumstead. A ciki akwai murjani mai rai, irin wanda ke tsiro kamar reshe a ƙasan teku, da kifaye huɗu masu zafin nama, da dokin teku guda biyu, wato ɗan kifin nan mai kai irin na doki, da ke naɗe wutsiya a jikin reshe. Ran nan na tarar dawakan duk biyun sun rame, ciki ya lotsa. Sau uku na auna ruwan, komai daidai. In suka mutu, ina jin aikina ma ya bi su. Na ce wataƙila cuta ce. Na ciro kwalbar magani, alhali na san irinsa yana iya kashe murjanin.

Dokta yana asibiti wurin aiki. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana kan kujera da carbi a hannu.

"Ɗana, me za ka zuba musu?"

"Magani ne, Mama. Ban dai tabbata ba..."

"Ba ka tabbata ba kake buɗe kwalba? Ba su abinci tukuna, ka zauna."

Na zuba ƙananan jatan lande, na zauna. Kafin dawakan su gama kallon guda ɗaya, kifayen nan sun share komai.

"Ka gani? Kunya gare su, kamar suruki a gaban kwano. Yunwa ce kawai. Na faɗa wa Sani, ya ce ai an ɗauko masana su riƙa dubawa."

Kunya ta kama ni, na mayar da kwalbar jaka. Na kira manaja, ta ce a riƙa kashe famfon da ke juya ruwan tankin lokacin ci, a fara ciyar da kifayen a can gefe, sannan a sa wa dawakan nasu cikin ƙwarya kusa da reshensu. Hajiya ta ce wannan aikinta ne, safe da la'asar. Bayan mako uku ciki ya ciko, ni ma aka tabbatar da ni.

Mu minti arba'in muke yi a gida mu tafi. Shi ya sa tun daga ranar, kafin in buɗe jaka, nakan tambayi wanda ya fi daɗewa zaune a gaban tankin. Allah ya saka wa Hajiya da alheri.