Telan da Ba Ya Sayar da Ɗaurarren Laktaye

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shago. Yakan share bakin ƙofa, ya goge madubin da ke jikin bango, ya jona dutsen guga, ya ɗiga wa keken ɗinki mai. Kafin dutsen ya yi zafi sai ya ɗaga kwalar rigarsa, ya juya wa madubi baya, ya ɗaura laktayensa. Ba dogon nan na ma'aikatan banki ba, gajeren nan mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shi ya taɓa auna masa lokaci: daƙiƙa goma sha ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Ranar Asabar da ta wuce ya rufe shago a matsayin mai shi karo na ƙarshe, domin idonsa ya daina ganin kafar allura, 'ya'yansa kuma sun matsa masa ya huta.

A layin ba mai kiransa da sunansa. Baba Yatsa-Biyu ake ce masa, saboda ba ya barin mai saye ya fita sai ya zura yatsa biyu tsakanin kwala da wuyansa. In yatsun ba su shiga ba, ya matse. In na uku ya sami wuri, ya yi sako-sako.

Shagon taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Akwai keke, teburin yanka, durowa shida cike da laktaye a miƙe kamar igiya, da wani dogon benci da ya sha zama har ya yi santsi. A kan bencin nan dokarsa take aiki. Duk wanda ya zo saye sai ya zauna ya koyi ɗaurawa, ya ɗaura sau uku a gabansa, na ukun ba madubi. Wanda ya kasa, sai ya dawo gobe. A cinya ake fara koyo, sama da gwiwa kaɗan, domin kaurin wurin kusan na wuya ne, kuma ido yana ganin abin da hannu ke yi.

Mai gyaran agogo ya ce ya ga wani babban alƙali a bencin, ya ɗage ƙafa, yana gumi a kan ƙulli ɗaya.

"Baba, ka san ko ni wane ne?" in ji alƙalin.

"Na sani, ranka ya daɗe. Cinyar ce ba ta sani ba. Sake."

Wani ango kuma ya ce masa, "Baba, jibi ne fa bikin." Ya ce, "To ai jibi ba yau ba ce. Zauna, ɗana."

Wajen zaɓe ma ba ya bin son ran mai saye. Sabon hannu auduga yake ba shi, don siliki yana zamewa. Ƙwararre ne ke samun siliki. Faɗin fiffike kuwa kada ya wuce gefen ido. Shugaban masu kai abinci na wani otal, wanda ya fara zuwa shagon tun bai fara aske gemu ba, ya tuna ranar da ya nuna wani ƙato mai ɗigo-ɗigo. "Ya dube ni ya ce, da wannan siririyar fuskar taka, in ka shiga da tire za a ɗauka tsaraba ce aka ƙulle aka aiko."

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne ɗaurarren laktaye na kamfani, mai roba ko maƙali, wanda ake sawa kamar abin wuya. Hujjarsa ita ce fikafikansa sun cika daidaituwa. Ƙullin hannu yakan ɗan karkata, kuma na kowa da irin tasa karkatar. Yana iya gane mutanensa daga tsallaken titi ta ƙullinsu kafin ya ga fuska. Lokacin da otal ɗin nan ya nemi ya ɗinka masa ɗaurarru sittin, ya ce ba zai yi ba. Maimakon haka ya yi sati uku yana zuwa da safe, ya jera ma'aikata sittin a kan kujeru, kowa da ƙyalle a cinya. Matarsa ta ce masa taurin kai ne. Ya ce ya ji, ya ci gaba da zuwa.

Baba, kai ne telan da ya ɗauki ƙyallen da bai kai kamu biyu ba da muhimmancin da wasu ba sa ba babbar kwat. Ba ka taɓa sayar wa mutum abin da zai je gida ya rasa yadda zai yi da shi ba.

Cikin waɗanda suka zauna a bencin akwai wani likitan yara. Shekara talatin da suka wuce ya zo, yana kukan jarirai suna cafke dogon laktayensa suna kaiwa baki, in kuma ya sunkuya sai ya shiga ciwon da yake dubawa. Ya koyi ɗaura gajeren, amma bai taɓa koya daidai ba. Fiffikensa na hagu kullum a sauke yake, kamar jirgi zai yi kwana. Baba ya gyara masa har ya gaji. A asibiti kuwa yara sun san shi da wannan karkataccen ƙulli, kuma iyaye sukan ce yaro yakan shagala da kallonsa har a gama allura.

Shekara shida da suka wuce Likita ya sami shanyewar ɓarin jiki. Maganarsa ta dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, iliminsa ko ƙwarzane bai yi ba. Hannun dama ne bai dawo ba. Asibitin ya ce yana son ya ci gaba da ganin yara da koyar da ɗalibai, ma'aikaciyar jinya za ta riƙa yi masa abin da ke buƙatar hannu biyu. An ba shi rana: in bai koma ba zuwa ɗaya ga wata, za a ba wani ɗakinsa, shi kuma a yi masa ritaya.

Likita ya ƙi fita ko ƙofar gida. Matarsa ta ɗauka matakalar asibiti yake tsoro. Babbar 'yarsa ce ta lura kullum da safe tana tsintar laktaye a ƙasa, gaban madubi, a cukuikuye. Matar ta gwada ɗaura masa, ya fizge.

"Kin shirya ni kamar ɗan makaranta," in ji shi. "Mutumin da sai an ɗaura masa wuya, wace uwa ce za ta miƙa masa ɗanta?"

'Yar ta sayo masa na kamfani. Ya juya shi a hannu ya ce ko ɗan shekara huɗu a ɗakin yara zai gane ba nasa ba ne.

Saura kwana goma sha biyu ta je shagon. Ta gama bayani, Baba bai ɗago daga teburin yanka ba.

"'Yata, kin san ba na yin ɗaurarre."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ban zo ba sai da komai ya ƙare min."

Ya ajiye almakashi. Ya ce ta kawo masa wanda ya fi tsufa cikin laktayen mahaifinta, da hotonsa na kusa guda biyu ko uku.

Washegari da hantsi mai gyaran agogo ya ga abin da bai taɓa gani ba: shagon a rufe, Baba yana ciki. Abin da yake yi shi ne koyon kuskuren Likita. Ya jingina hotunan da keke, ya ɗora tsohon laktayen a cinyarsa, yana ɗaurawa yana kwancewa, domin hannunsa ya saba da daidai, ya ƙi yarda ya karkace. Sai a karo na tara fiffiken hagu ya sauka yadda ya kamata. Ya kama ƙullin ta ciki da ɗinki uku da ba a gani. Ya yanke maɗaurin ta gefen hagu, inda kwala ke rufewa, ya sa ƙugiya. Ta farko ta yi ƙanƙanta, yatsu ba sa samunta. Ya kai wata babba wurin maƙwabcinsa ya ce a goge mata baki ta yi laushi.

"Ta mece ce?" in ji mai gyaran agogo.

"Ta ƙarfe ce," in ji Baba.

Kwana biyu ya yi da hannun dama a aljihu, yana maƙalawa da hagu yana cirewa, yana matsar da ƙugiyar gaba da baya, har ya sami wurin da babban yatsa ke kaiwa ba tare da an murɗa kafaɗa ba.

Da ya gama ya je gidan, ya tarar da Likita a falo, da farar riga, kwala a buɗe. 'Yar tana nan, ita ce daga baya ta ba da labarin abin da aka faɗa.

"Kai ma jaje ka zo yi min?"

"Aiki na zo yi. Sau uku, na ukun ba madubi. Ka san doka."

Likita ya dubi abin da aka miƙa masa. "Wannan ai ɗaurarre ne. Kai da bakinka ka ce na ragwaye ne."

"Dubi fiffiken hagu. Ƙullinka ne, Likita. Ni ba na yin ƙulli mai muni haka. Shekara ashirin da huɗu ina ƙoƙarin raba ka da shi, wannan satin ga ni ina koyonsa."

Na farko ya ɗauki kusan minti biyar. Na biyu ya faɗi ƙasa, 'yar ta sunkuya za ta ɗauka, Baba ya tare ta da hannu, Likita ya jawo shi da sanda. Na uku ya yi shi yana kallon taga. Baba ya matso ya zura yatsa biyu, suka shiga, na uku bai sami wuri ba. Bai taɓa fiffiken ba.

Ɗaya ga wata Likita ya shiga ɗakin yara da sanda a hannun hagu. Wata yarinya da ke kwance da zazzaɓi ta ce wa mahaifiyarta, "Mama, har yanzu bai iya ɗaurawa ba." Ya ce shekara talatin yana aiki ba a taɓa yi masa maraba mai daɗin wannan ba.

A hankali Baba ya mayar da sauran laktayen Likita haka, goma sha huɗu duka. Mutum huɗu ne suka sani: su biyu, da matar, da 'yar. Ko matar Baba ba ta ji ba. Shekara shida mutane suna ganin Likita suna mamakin yadda mai hannu ɗaya ke ɗaura laktaye, wasu har suna zuwa shago suna tambaya. Amsar Baba ɗaya ce: "Ku tambaye shi, wuyansa ne."

Ranar Asabar ɗin da ya rufe shago, mutum kusan saba'in suka taru a layin, domin shagon ba ya cin fiye da biyar. Akwai lauyoyi, makaɗa, alƙalin dambe, wani mai karanta labarai a talabijin, da angwayen da 'ya'yansu sun isa aure yanzu. Kowa da laktayensa, kowane ƙulli da inda ya fuskanta. Shugaban masu kai abinci ne ya yi jawabi. Ya kai inda yake cewa a shekara arba'in da ɗaya ɗaurarren laktaye ko ɗaya bai taɓa fita daga wannan ƙofa ba, sai Likita ya ɗaga sanda.

"Akwai gyara. Goma sha huɗu sun fita."

Ya jingina sandar da benci, ya ɗaga kwalarsa, ya cire ƙugiyar da hannun hagu, ya ɗaga laktayen sama yadda kowa zai gani. Sannan ya ba da labarin da ke sama, a taƙaice, kamar yana karanta takardar maras lafiya. Ya ce tun daga ranar ya duba yara da bai san iyakarsu ba, ya kuma yaye aji shida na ɗalibai. Ya ce shi ne ya nemi a ɓoye maganar, kuma ya gane bai kyauta ba, domin akwai masu hannu ɗaya da yawa da ya kamata su san ana iya yin wannan.

Mai gyaran agogo ne ya fara magana: "Ashe ta ƙarfe ce."

Baba ya girgiza kai. "Likita, ka rasa ranar ɓata min suna sai ta ƙarshe."

Mun gode, Baba Yatsa-Biyu. Ka kafa doka don kada mutum ya dogara da hannun wani wajen shirya kansa, ka riƙe ta shekara arba'in da ɗaya ba ka sassauta wa alƙali ko ango ba. Ranar da dokar ta tsaya tsakanin mutum da aikinsa, kai ne ka fara gane abin da aka kafa ta dominsa, ka karya ta da hannunka, ka kuma rufe bakinka. Masu sana'a da yawa sun iya riƙe ƙa'ida, wasu sun iya sakinta. Ya kamata masu tasowa, teloli da waɗanda ba teloli ba, su je su ga wanda ya iya duka biyun, tun yana nan ana iya tambayarsa.

Shagon ya koma hannun 'yar ƙanensa, wadda ta yi shekara ashirin tana ɗinki a wani layin. Ya bar mata keke, da benci, da dokar sau uku. Ranar Asabar ɗin, kafin a watse, ya ƙara mata da wata 'yar takarda mai zanen inda ƙugiya ke zama.

Likita kuwa ya mayar da laktayensa a gaban jama'a, da hannu ɗaya, ba madubi. Baba ya matso ya zura yatsa biyu. Hannunsa ya ɗan tsaya a kan fiffiken hagu, sannan ya janye, ya bar shi a karkace.