Hannun Hagu Ya Karɓi Alƙalami

Jama'a, na daɗe ban ce uffan ba. Masu tambaya a ɓoye ko na rasu, to ga ni da raina.

Kun san al'adata. Kullum bayan Asuba sai na rubuta baiti ɗaya na yabon Allah da ajami kafin in nufi gona. Haka na taras ana yi a gidanmu tun kakan kakana, kuma shi ne wuridina.

Ranar da za mu fara cirar auduga, kofin koko ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi motsi. Matata, Hajiya Binta, ta yi salati: "Malam, bakinka ya karkace!"

A Malumfashi aka auna jinina, aka tura mu Zariya hoton kai. Likita ya ce, "Hawan jini ne ya shanye ɓarin jiki. Hannun zai iya dawowa, zai iya ƙi."

Masarar bana duk ta tafi a magani da gashin ƙashi. Na ji tsoro ƙwarai. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne gari ya waye ban rubuta komai ba.

Da aka sallame mu, na sa aka miƙo mini tawada, na kama alƙalami da hagu. Sai ga yayana, Alhaji Sale, ya zo dubiya.

"Subhanallahi! Sunan Allah da hannun da ake tsarki? Ka bari ka warke mana."

Da karkataccen bakina na ce, "Yaya, wa ya ba ka tabbacin zan warke? Wanda ya karɓi dama, Shi ya bar mini hagu. Da shi zan yabe Shi."

Ya ɗauki takalmansa ya fita a fusace. Ni kuwa ban ajiye alƙalamin ba. Rubutun kamar kaza ta yi tono, amma baitin ya cika. Washegari ma haka.

Alhamdulillahi, yanzu ina takawa babu sanda, hannun dama kuma ya fara ɗaukar loma. Hajiya, Allah ya saka miki. Masu gashin ƙashi da suka sha masifata, ku yafe mini. Alhaji Sale har yau in ya ga ina rubutu sai ya kau da kai, amma dai na gode da buhun geron da ya aiko mana.

Don Allah ku riƙa auna jininku ko kuna jin lafiya lau. Wanda bakinsa ya karkace, a garzaya da shi asibiti nan take.

Kuma kada wani ya sa ku dakatar da ibada har sai kun warke. Ba kowa ke warkewa ba.