Direban da Rediyo Ta Sauya wa Murya

Shekara goma sha shida Sannu-Sannu yana kai 'ya'yan mutane makaranta a farar bas ɗinsa, ko kaza bai taɓa takewa ba. Laƙabin ma daga bayan motar ya samo shi, inda ya sa aka rubuta da jan fenti: SANNU BA TA HANA ZUWA. Maganar bakinsa ce, ko shayi ya yi masa zafi sai ya faɗe ta. Iyaye rububinsa suke yi, don ba ya tayar da mota sai ya ƙirga kawuna, ya ga kowa ya zauna.

Abin da ba su sani ba shi ne, duk Talatar farkon wata, in ya sauke yara, sai ya ajiye motar can bayan gidan mai, ya taka da ƙafa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Tun yana saurayi, bayan rasuwar mahaifinsa, ciwon ya kayar da shi wata huɗu, ba ci ba barci. Likita ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum, ya miƙe garau. Matarsa kaɗai ta sani, ita ke ɓoye maganin cikin gwangwanin madara a bayan kwanuka.

Wata Talata sai ga 'yar jarida daga rediyon gari ta shigo asibitin, da rakodarta a hannu. Ta ga benci biyu cike maƙil, likita ɗaya, rufi yana yoyo, ga magani ya yanke wata biyu. Ta nemi mai magana, kowa ya sunkuyar da kai. Ta tsaya gaban Sannu-Sannu.

"Baba, ba za mu faɗi sunanka ba. Muryar ma za mu sauya ta, ko matarka ba za ta gane ka ba."

"To, 'yata, in dai zai sa a kawo magani, bismillah."

Ya yi bayani tiryan-tiryan, har yarinyar ta yi ƙwalla. Daga ƙarshe ta tambaye shi shawarar da zai ba masu irin lalurarsa. Ya ce, "Su daure su sha magani. Sannu ba ta hana zuwa."

Ba a raina wa 'yan rediyon ba, sun cika alkawari. Sun murɗe muryar har ta koma kamar kwaɗo cikin tulu. Amma karin maganar ta yi wa editan daɗi, sai ya mai da ita sunan shirin, aka yi mako guda ana tallarsa safe da rana. A garin da kowane ɗan firamare ya koyi haɗa baƙi da rubutun bayan motar nan! An rufe tukunya, an bar ƙamshi yana yawo.

Ranar Litinin ya yi hon a ƙofar gidan farko. Uwar yaran ta leƙo ta taga, ta ce yau babansu zai kai su. A gida na biyu aka ce mura suke yi. Kafin Alhamis, kujera goma sha takwas ta koma yara uku, sannan shugabar makaranta ta aika a kira shi ofis.

"Malam, ba korarka muka yi ba. Iyaye ne hankalinsu bai kwanta ba."

"Ranki ya daɗe, da maganin nan a cikina na ɗauko yayyensu, har wasu sun gama jami'a. Tsakanin jiya da yau me ya canza?"

Ta gyara takardun gabanta, ba ta ɗago ba. "Jiya ba mu sani ba."

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba rashin aikin ne ya fi ƙona shi ba, a'a, ganin yaran da ya sha share wa majina suna ɗaga masa hannu a titi, iyayensu mata suna sauke hannun.

Shirin kuwa ya yi farin jini. Manya suka zo da masu hoto, aka yi wa bangon gaba na asibitin fenti, aka tafa. Magani dai har yau yana yankewa. Sannu-Sannu ya cire kujerun motar, yana dakon kwali da buhunan siminti, rubutun baya kuma ya shafe shi da farin fenti da hannunsa.

Bayan wata uku 'yar jaridar ta same shi a bakin kasuwa yana ɗaure kaya. Ta ba shi haƙuri, da gaske take kuma. Ta ce suna shirya kashi na biyu, a kan yadda jama'a ke ƙyamar masu lalurar, wannan karon za su ƙara murɗe muryar.

Ya ja igiya ya ƙulle. "'Yata, ai muryar ba ta yi mini komai ba. Je ki asibitin ki nemi wani."

Ta je, ba ta samu ba. Shi ya riga ya san haka, don yanzu a bakin ƙofar asibitin yake ajiye motarsa, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Benci biyun nan da a da sai an yi sammako ake samun wurin zama, yanzu mutum zai iya miƙe ƙafa a kai. Wani malamin makaranta da suke gaisawa a kan bencin ya daina zuwa, mai awon magani a kemis ma haka. Ba warkewa suka yi ba. Sun ji shirin ne, sun kuma ga abin da ya sami direban.