Kanwar Juma'a ta Baba Abarshi

Shekara arba'in Baba Abarshi ya yi yana ɗauko dabino da albasa a raƙumi, daga lambunsa na kwari zuwa kasuwar Gure. Bara bayansa ya ce ya gaji, sai ya sayar da raƙumin, shi kaɗai ke gare shi kuwa, ya sayi ƙaton moto, wato babur, irin mai tankin ruwan sanyaya inji. Matarsa Aisa ta rantse kafin kaka zai dawo gida a ƙasa yana tura ƙarfe.

Ni Fadilu makanike, ni na ga abin da idona. Wata uku da saye, sai ga Baba ya turo moton garejina, yana tururi kamar tukunyar dambu, jar fitilar zafi a kunne.

"Ɗana, taimake ni," in ji shi. "In ya mutu, ba raƙumi, ba moto, ga kuma bakin Aisa."

Na duba baƙin mai, cike yake, bai tsinke ba. Fanka na juyawa, tiyo ba ya yoyo. Da inji ya huce na buɗe tankin ruwa, sai na tarar wani farin abu ya daskare ya toshe hanya. Na kankaro na lasa. Kanwa!

"Baba, wa ya zuba kanwa a nan?"

"Ni mana, kowace Juma'a! Abin da ke ɗaukar kaya cikin rairayi a hana shi kanwa? Haka na yi wa raƙumina, ko tari bai taɓa yi ba."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa don dariya. Yini guda na yi ina wanke tankin, na zuba ruwan da aka yi dominsa, na sake mai. Bugu ɗaya ya tashi. Tsoho ya jefa hula sama, ya taka rawa, ya ce in Aisa ta ji labari ba ni ba shi. Da yamma ya zagaya ƙofar gidansa sau uku yana danna oda.

Har yanzu yana sayen kanwa ran Juma'a, abin da ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. Rannan na bi shi a baya. Gidan Mamadu ya nufa, wanda ya sayi raƙumin. Na same shi tsaye ya miƙa tafin hannu, tsohon raƙumi na lasa, shi kuma yana ba shi labarin hanya. Tausayi ya kama ni, na juya ban yi sallama ba.