Matar da ta wanke hanyar Teluk Rebak

A ƙauyenmu Teluk Rebak, can gaɓar tsibirin Bangka, akwai mutanen da har yau ba sa amsa gaisuwar Bik Sarmah. Sukan wuce ƙofar gidanta a kan babur, kan kwalta mai santsi, fuska a ɗaure. Ita ce sanadin kwaltar, kuma laifinta ke nan.

Bik gwaggo ke nan a bakinmu, ita kuwa gwaggon kowa ce, har da waɗanda suka girme ta. Gajeriya ce, ta haura sittin, tana sayar da ɗanyar kwakwa da daddawar jatan lande a rumfar ƙofar gidanta. Amma sana'ar da ta buɗe ido a cikinta wankin kuza ce. Tun tana shekara tara take tsayawa cikin ruwa har ƙugu tare da uwarta, da akushin katako a hannu, suna juya yashin da kamfani ya wanke ya zubar, suna tsintar abin da injinsa ya raina.

Kamfanin ya tafi da daɗewa. Ya bar mana kududdufai masu ruwa shuɗi da ko kwaɗo ba ya zama a ciki, da tsohon injin da ya yi tsatsa a bakin teku, da hanyar burji mai kilomita bakwai daga ƙauye zuwa mararraba, inda kwaltar gwamnati take wucewa. Da rani hanyar ƙura ce ja, da damina kunu. Ni, da yake na yi ritaya daga koyarwa kuma ana zaton na iya jera kalmomi, ni ne mai rubuta wa hukuma wasiƙar roƙon kwalta. Na rubuta goma sha huɗu. An amsa biyu, duka da godiya.

Mijinta, Mang Derahim, ya yi shekara ashirin yana nutso a teku da tiyo a baki, yana zuƙo yashin kuza daga ƙasan ruwa zuwa kwale-kwale. Teku ta bar masa rai, ta karɓi ƙafafu. Daga baya ƙoda ta bi. Duk Litinin da Alhamis sai an kai shi birni wankin ƙoda, motar asibiti kuma iyakarta mararraba, don direban ya ce shi ba tarakta aka ba shi ba. Sai Bik Sarmah ta ɗora mijin a bayan babur, ta ɗaure shi a gadon bayanta da zane kamar goyo, su kama hanya. Yana kiranta direba, tana kiransa kaya. Sau uku suka faɗi a damina guda. A na ukun, masu zuwa kamun kifi ne suka tsamo su daga taɓo, shi yana faɗa wai a sauya masa direba, ita tana cewa kaya ba ya magana.

Wasiƙa ta goma sha biyar ban rubuta ta ba a lokacin, domin kwatsam aka zo da ma'auni, aka kafa turaku masu jan ƙyalle a gefen hanya. Aka ce kwalta bayan azumi. Mutane suka yi dafuwa, aka kai tire-tiren abinci masallaci don godiya.

A shekarar ce kuma masu keke suka gano mu.

Da fari biyu-biyu suke zuwa, da matsattsun kaya da hular kwano, a kan kekunan da aka ƙera musamman don hanyar da ba ta da kyau. Mun ɗauka ɓata suka yi, muna nuna musu hanyar kwalta, suna girgiza kai. Ashe burjin suke nema. Wata 'yar Jakarta mai suna Anindya, mace mai kirki da ladabi, ita ta zana hanyar a taswirar waya: daga tsohon injin, ta gefen kududdufai, ta bi gaɓar teku, ta ratsa ƙauyuka huɗu. Ta sa mata suna Zagayen Kuza. Kafin a ankara mutum ɗari uku suka zo rana guda, kowa ya koma gida da jar ƙura har cikin kunne yana murna. Ofishin yawon buɗe ido ya duba, ya gano cewa hanyarmu kayan tarihi ce. Aka zo aka tuge turakun.

Dagacinmu, Pak Marzuki, ya kira taro don ya bayyana mana sa'ar da muka yi. A watan ne ya gama gina ɗakuna huɗu na saukar baƙi a bayan gidansa, amma wannan dacewa ce kawai. Anindya ta yi bayani da hotuna. Ta ce masu kwakwa za su sayar, masu ɗaki za su samu baƙi, kuma gaskiya ta faɗa. Rabin zauren yana gyaɗa kai. Sai ta juya wajen Bik Sarmah, wadda ta san ta a rumfa.

"Bik, mutane daga ƙasashe suke tasowa don wannan jar hanyar. Kwalta ai ko'ina akwai ta."

"Ko'ina akwai ta, 'yar nan, ban da nan," in ji Bik Sarmah. "Ranar Litinin ki zo in ɗaura miki Derahim a baya, ki ji daɗin tsakuwar sosai. Ba nauyi gare shi ba, ciwo ya riga ya ci rabi."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta mutanen da ba su so yi ba. Dagaci ya ce za a kafa kwamiti ya duba batun marasa lafiya. Anindya, wadda abin ya taɓa ta da gaske, ta biyo Bik Sarmah waje ta ce ƙungiyarsu za ta haɗa a saya wa Mang Derahim kujera mai taya. Bik Sarmah ta yi godiya, ta tambaye ta a kan wace hanya za a tura kujerar.

Bayan wannan, wata biyar ba ta sake tayar da maganar hanya ba. Ta ci gaba da fasa wa masu keke kwakwa, tana yi musu murmushi a hoto. Na ɗauka ta haƙura. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: mako guda kafin babban gangamin shekara ta biyu, na ga an ɗora gadon Mang Derahim a amalanke, da tabarmarsa da rediyonsa, har da shi kansa, an kai gidan ƙanwarta da ke mararraba. Na tambaye ta dalili. Ta ce iskar teku ba ta yi masa.

Shekara sittin da huɗu yana shaƙar iskar nan.

Masu shirya gangamin sun so a nuna wa baƙi al'adar gargajiya a wurin hutawa, gaban shagon kofin Ko Asen, inda duk mazan ƙauye ke yini. Suka nemi wadda ta iya wankin kuza irin na dā, kowa ya ce Bik Sarmah. Ta yarda ba musu. Aka tanadar mata baho cike da ruwa, da bokitin yashin bakin teku wanda aka barbaɗa wa 'yar kuza ta saye, don kada baƙi su ga akushi wayam.

Da hantsi, masu keke sun yi da'ira, wayoyi a sama. Ta fito da akushin uwarta, wanda ya yi baƙi don tsufa. Ta dubi bokitin, ta ture shi da ƙafa. Sai ta taka zuwa tsakiyar hanya da 'yar fartanya, ta kankare saman, ta haƙa kamu ɗaya, ta cika akushin da burjin da muke takawa tun muna yara.

Ta tsuguna a bakin baho tana juyawa. Jan ruwa ya zube, manyan tsakuwa ta watsar da yatsa, farin yashi ya bi gefe ya fita. Ba ta yi sauri ba. Da ta gama ta karkata akushin wajen rana. A gindinsa akwai baƙin yashi mai nauyi, cikin tafin hannu.

Baƙi suka yi tafi. Mutanen ƙauye ba wanda ya tafa. Mai shagon, Ko Asen, yana zuba kofi har ya malale teburi bai sani ba. Mu nan jariri ma ya san baƙin yashi a gindin akushi kuza ce, kuma ya san cewa cikin tafin hannu daga akushi ɗaya ba abin wasa ba ne. Mutanen da suka haƙe filin ƙwallo, suka haƙe ƙarƙashin madafinsu, suka tsaya taku uku daga maƙabarta, yanzu an nuna musu kilomita bakwai.

Daga baya ta gaya mini yadda abin yake. Turawan kamfani da abin da suka wanke suka zubar suka cike hanyar, a zamanin da injinsu manyan ƙwayoyi kaɗai yake kamawa. Mata bakwai masu wanki sun san haka, har da uwarta. Suka yi alkawari a tsakaninsu ba za su faɗa wa ko mazansu ba, don sun san halin mazan, kuma ƙauye yana bukatar hanya. Duk sun rasu. Ita kaɗai aka bar wa maganar, ta riƙe ta shekara arba'in, har a shekarun da gidanta ba shinkafa.

Baƙin da kansu suka yaɗa hoton a waya, da yabo. Kwana tara aka yi ana haƙar hanyar. A rana ta biyu mutanen ƙauye ne da shebur, a ta huɗu aka zo da injinan feshin ruwa masu narka ƙasa daga gundumomi uku. 'Yan sanda sun zo, suka tarar ba wanda za a kama sai kowa, suka kafa allon gargaɗi suka koma. Washegari aka haƙe ƙarƙashin allon. A rana ta tara kayan tarihi sun zama jerin ramuka cike da jan ruwa.

Dagaci ya same ta a rumfa, jijiyar wuyansa a tashe.

"Bik, kin san abin da kika yi? Kin kashe mana hanya!"

"Ni akushi ɗaya na ɗiba, Pak. Al'ada aka ce in nuna, na nuna. Sauran ka tambayi surukinka, na ga raminsa ya fi na kowa zurfi."

"Yara da me za su je makaranta?"

"Da abin da kakanninsu suka je. Ko shi ma ba tarihi ba ne?"

A kwale-kwale suka riƙa zuwa, wata goma sha huɗu. Ba zan ce abin ya yi sauƙi ba. Kifi ya ruɓe kafin ya kai kasuwa. Wata mai naƙuda a cikin jirgin ruwa ta haihu. Ɗakunan dagaci kaji suka shiga. Mutanen da suka gyara rufin gidajensu da kuzar hanyar su suka fi zaginta, watakila don su ne suka fi samun lokacin zama. Ita kuwa duk Lahadi da Laraba takan bi gaɓar teku a ƙasa idan ruwa ya janye, da kwanon abinci a hannu, ta kwana mararraba, ta raka mijinta birni da safe. Motar asibiti a bakin ƙofa take ɗaukarsa. Bai sake faɗuwa a taɓo ba.

Na rubuta wasiƙa ta goma sha biyar. Wannan karon ban roƙi kwalta ba, na sanar da hukuma ne cewa ƙauye mai mutum dubu ɗaya da ɗari biyu ba shi da hanya ko kaɗan, kuma zaɓe saura shekara. Ofishin yawon buɗe ido bai sa baki ba, don ba sauran abin da zai adana. Aka cike ramukan da ƙasar tudu wadda ba ta da ko ƙwayar kuza, Bik Sarmah da kanta ta gwada, sannan aka shimfiɗa kwalta.

Ranar wata Alhamis da la'asar motar asibiti ta shigo Teluk Rebak karon farko, ta tsaya a ƙofar rumfar kwakwa. Aka buɗe baya, Mang Derahim yana barci. Da aka tashe shi ya ce wannan ba hanya ba ce, katifa ce, an cuce shi bai ga teku ba, a mayar masa da tsohuwar direbarsa. Ta ce a sauke kayan a hankali, kada a fasa mata.

Masu keke ba su daina zuwa ba. Anindya ta karkatar da zagayen ta bayan gari, ta cikin gonakin masoro, kuma takan tsaya shan kwakwa. Ba ta riƙe ta a zuci ba, sai dai ba ta sake neman a nuna al'ada ba. Rannan na ji tana tambayar Bik Sarmah, cikin ladabi, ko sauran hanyoyin ƙauyuka ukun nan ma da irin wannan burjin aka cike su.

"Ni tsohuwa ce, 'yar nan, mantuwa ta yi mini yawa," in ji ta. "Amma ki gaya wa ofishin yawon buɗe ido, matan can ma suna da mazaje marasa lafiya. Makon jiya biyu suka zo aron akushi."