Hurar Bakin Suri

A Jiratawa aka haife ni, a gidan da bayansa ke kallon gonakin rani. Idan ɗari ya shigo, ruwan ban-ruwa ya yi sanyi har yana cizon ƙafa, Kaka Delu takan hura wuta da karan dawa a tsakiyar ɗakinta bayan sallar isha'i. Ita ta haifi babanmu. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, amma muryarta ta fi jikinta girma. Har yau in na ji warin hayaƙin kara, sai in ga ɗakin nan: zogalan da ta shanya a kan tabarma, dankalin da ta binne a toka, da ƙwaryar hurarta da ba ta rabuwa da ita.

Yaya Lawali, wanda nake bi, shi ke zama gaba-gaba, har gashin ƙafarsa na ƙauri. Ni kuwa a bayan Kaka nake laɓewa, na riƙe bakin zaninta.

"Balki mai tsoron inuwarta," in ji ta. "Fito nan, tatsuniya ba ta cin mutum ta baya, ta gaba take ci."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa gindin ƙwarya da ludayi, ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, akwai wuta!"

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Guda ɗaya ce ba ta dariya ba, kuma ita ce ta zauna mini.

Wai an yi wani saurayi, Bawa, mai farautar gafiya. Ran nan gafiya ta shige masa ciyawa, haushi ya kama shi, ya cinna wuta. Iska ta ɗauki wutar ta kai ta rumbunan gari, hatsin shekara ya ƙone ƙurmus. Mutane suka biyo shi da sanduna. Yana gudu, ya taka wani babban suri, irin tudun nan na gara, sai ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye shi, ta rufe. Saura wani ɗan rami kamar bakin tulu. Mai gari ya ce ƙasa ta yi hukunci, daga yau kada wanda ya ƙara ambaton sunansa.

A can ƙarƙashi Bawa ya tarar da mutane da yawa da ƙasa ta haɗiye kafin shi. Wasu na nan da kamarsu ta mutane. Wasu sun yi fari fat, sun ƙanƙance, idanunsu sun shafe. Ya tambaya, aka ce masa, wanda duk ba a kiran sunansa daga sama, a hankali yakan manta da shi, in ya manta sai ya zama gara.

"Shi ya sa gara ke cin ɗakunan mutane," in ji Kaka, tana nuna azarar ɗakinta da ludayi. "Ba yunwa ba ce. Gidansu suke nema."

To, Bawa yana da ƙanwa. Da gari ya waye ta dama hura ta nufi surin. A bakin ramin ta iske wani tsohon damo yana gadi. Ya ce, "Ɗanɗana tukuna. Waɗanda aka ƙone wa hatsi suna da yawa, ban san abin da ke cikin ƙwaryarki ba. Amma ki sani, wanda ya sha hura a bakin suri, warin ƙasa ba ya barin jikinsa." Yarinya ta sha.

A nan kullum sai Kaka ta motsa ƙwaryarta har ƙasa, ta ɗebi rabin ludayi, ta kurɓa, ta buɗe mana baki mu ga ta haɗiye. Mu kan yi dariya, ita ba ta yi.

Yarinya ta durƙusa ta tsiyaya hura a ramin, ta kira, "Bawa ɗan innata, ga hura, ga ni." Shiru. Ta sake kira. Can daga nesa, kamar daga gindin rijiya, ta ji, "Na'am." Haka ta riƙa yi. Ƴan mata suka daina zuwa rijiya da ita, wai tana warin kabari. Ta yi aure, ta haihu, ta tsufa, ba ta fasa ba. Shi ke nan. Sai Kaka ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ku ja ƙofa."

"A'a, Kaka!" Yaya Lawali ya miƙe tsaye. "Bai fito ba?"

"Na ce maka ya fito?"

"To mene ne amfanin hurar? Ni da ni ne, gatari zan ɗauko in fashe surin!"

"Kai da zuciyarka kamar wutar kara, miji na banza. Ban ce ya fito ba. Na ce ya amsa." Ta tono dankali ta jefa masa. "Ci, ka bar ni."

Ni na yi kamar ban damu ba. Amma daga ranar, in na wuce suri a hanyar gona sai in yi sauri, ina kasa kunne ba da so na ba.

Kaka ta rasu kafin a yi mini aure. Yanzu ina Maradi, unguwar Sabon Gari, muna haya a gidan Hajiya Uwani, ni da maigidana mai gyaran moto, wato babur, da ɗiyarmu Nana, wadda ko yaye ban yi ba. Tsoron nan na ƙuruciya bai bar ni ba, ya dai koma kan yarinyar. In ta yi barci mai nauyi sai na kai yatsa hancinta.

A ranin da ya wuce Yaya Lawali ya yi faɗa da maƙwabcin gonarsa a kan layin ban-ruwa. Ya ɗaga ƙotar hauya ya buga masa, har yau hannun mutumin ba ya ɗaguwa. Ba sharri aka yi masa ba, ya aikata. Aka yanke masa hukunci, aka kawo shi gidan kaso nan Maradi. Baba ya rantse ba wanda zai taka wurin daga gidansa. Inna kuwa ƙafafunta ba sa kai ta ko bakin titi. Ni ce kusa. Amma in na tuna ƙofar nan, da masu kaki, da bakin dangin mijina, da goyon da ke bayana, sai in fasa. A gidan hayarmu ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai aka fara nuna wani fim a tele, na wata ƙasa mai nisa, an juya shi da Hausa. Hajiya Uwani ce mai tele, in akwai wuta takan fito da ita tsakar gida bayan magariba, mu shimfiɗa tabarmi. Fim ɗin duk a cikin gidan kaso aka yi shi. Ba waƙa, ba biki, ba ko itace ɗaya. Bango, ƙarfe, da ƙarar makulli.

"Wannan wane irin fim ne, jama'a?" in ji Hajiya tun daren farko. "Mutum ya wuni da wahalar duniya, ya zo ya huta, a ƙara masa wata? Ku canza mini!"

Ba wanda ya canza, ita ma ba ta tashi ba. Washegari ita ta fara tambaya ko lokaci ya yi.

Barira, mai tuyar awara a ƙofar gida, ita bakinta ba ya shiru. In an daki wani sai ta ce, "Ƙara masa! Wa ya aike shi? Kowa ka gani a can, ƙafarsa ta kai shi." Saratu kuma, tela ce ƴar Tibiri, Kirista, takan zo da ɗinkin hannu amma allura ba ta motsi sai an gama. Wani dare ta ce, "Barira, ki riƙa rage wa bakinki gishiri. Ƙofar nan ba ta tambayar sunan uban mutum."

"To Malama, sai ki je ki buɗe musu."

Ni ido nake sawa. Ba manyan ƴan wasan nake kallo ba, masu faɗa da ihu. Akwai wani dattijo da ake nunawa a gefe. Ranar ziyara, in mai gadi ya fara kiran sunaye, sai ya wanke fuska, ya gyara wuyan rigarsa, ya je ya tsaya jikin ƙarfe. A kira na dama da shi, a kira na hagu, a gama. Ya koma ya zauna. Da fim ya yi nisa sai na lura ya daina wanke fuskar. Daga baya ya daina tashi. Ran nan abokin ɗakinsa ya kira shi da sunansa, ya sake kira, bai ko juya ba. Yana zaune yana kankare bango da farce, ƙasa na zuba a cinyarsa.

 Ban san sanda na ce, "Ya zama gara," ba.

"Ya zama me?" Barira ta fashe da dariya. "Maman Nana, barci kike?"

Na ɗauki ɗiyata na shige ɗaki. Mamaki ya cika ni. Mutanen da suka yi fim ɗin nan ba su san Jiratawa ba, ba su taɓa jin Hausa ba, ta yaya suka ga abin da tsohuwa ta gani a cikin wutar kara?

Da safe Saratu ta same ni ina wanki. Ta tsuguna, ta yi ƙasa da murya.

"Tibiri da Jiratawa ba Makka da Madina ba ne, Balki. Na ji labarin yayanki tun tuni. Matan majami'armu kan kai abinci can wani lokaci. Ba a cin mutum a ƙofar."

"Baba ya rantse, Saratu. Ya ce ba wanda zai je daga gidansa."

"Daga gidansa. Ke yanzu a gidan wa kike?"

Da maigidana ya dawo na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe yana goge baƙin mai a hannunsa. Ya ce, "Ban aike ki ba, ban kuma hana ki ba. Amma in magana ta tashi, ki san za ta tashi."

Na dama hura da nono mai kyau, yadda Yaya ke so, da kauri, ba sukari da yawa. Na bar Nana wurin Saratu, na koma na duba ta, na sake komawa, har ta kore ni. A ƙofar gidan kason na tarar da layin mata, kowace da kwanonta a ɗaure cikin ɗankwali, ba mai kallon wata. Da layi ya zo kaina, mai gadin ya buɗe kwanon, ya sa ludayi ya motsa har ƙasa, ya ɗebo rabi ya miƙo mini.

"Ɗanɗana."

Na tsaya kamar an dasa ni. Motsin nan har ƙasa. Rabin ludayin nan.

"Sha mana, baiwar Allah, rana na yi," in ji wata tsohuwa a bayana. "Ki buɗe baki ya gani."

Na sha, na buɗe baki. Hawaye na zuba cikin ludayin. Ba tsoro ne ya sa ni kuka ba. A nan na gane Kaka ba ƙirƙiro damon nan ta yi ba. Ta taɓa tsayawa a irin wannan ƙofa, da ƙwarya a hannu.

Mai gadin ya tambayi suna, na faɗa. Ya juya ya ɗaga murya, "Lawali na Jiratawa!" Wani a ciki ya karɓa ya miƙa, wani can gaba ya sake miƙawa, sunan na tafiya yana ƙanƙancewa. Sai shiru.  Can daga nesa, kamar daga gindin rijiya, na ji, "Na'am!"

Aka fito da shi, ya rame, ya yi wani irin haske marar kyau. Ya dube ni ta tsakanin ƙarfe ya ce, "Balki? Ke da ko suri ba kya iya wucewa?" Ya so ya yi dariya, bakinsa ya ƙi.

Da yamma na kira Inna a waya, na gaya mata na kai wa Yaya hura. Na ce, "Inna, wa Kaka Delu ta taɓa kai wa abinci kaso?"



"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa."

"To bar shi nan inda ta bar shi." Sai ta ce, "Ya sha?"

"Ya shanye, Inna."

Fim ɗin ya ƙare ba a saki kowa ba. Hajiya ta yi ta faɗa wai an cuce ta, ta ɓata darenta a banza. Amma ranar da zan koma kaso, na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a kan murfin kwanona, ita kuma ta juya baya tana ta shara inda ba datti. Barira ta daina aron ludayina, in na wuce ta kan yi ƙus-ƙus da masu sayen awara. Warin ƙasar ke nan, an gaya mini tun ina ƙarama.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta tsoratarwa ce, don kada mu yi wasa da wuta. Yanzu ina ganin ba don Bawa Kaka ke ba da ita ba. Ta dubi jikokinta biyu a bakin wuta, mai zafin zuciya da matsoraciya, ta san wanda zai fi buƙatarta. Ban iya fasa suri ba, ba ni da gatarin, kuma mutumin da aka karya wa hannu shi ma ɗan wata uwa ne. Abin da nake da shi kwano ne da murya.

In Nana ta yi wayo zan ƙwanƙwasa mata ƙwarya in ba ta labarin, ba zan gyara ƙarshensa ba. Na san za ta tambaye ni ko ya fito. Amsar Kaka zan ba ta: ban ce ya fito ba, na ce ya amsa.