Tabon da Ƙwayar Maganin Ido ta Bar wa Baraka

Baraka Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Kafin Dafga, mai tallan fura da nono a kasuwar Rogo. Wajen 1991 idonta na hagu ya soma yi mata hazo-hazo, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Mijinta Hamma ya kai ta wani asibiti a Kano, aka ce hawan jinin ido ne, aka ba ta wasu fararen ƙwayoyi.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Leɓɓanta suka tsattsage, fatar bayanta da hannunta ta riƙa saɓulewa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wasu suka ce ƙyanda ce, wasu suka ce jifa ne. Ita kuwa, da ƙyar take buɗe baki, ta dage a mayar da ita inda aka ba ta ƙwayar.

Likita Zaituna ce ta karɓe ta, nan take ta hana ta shan ƙwayar. Bayan doguwar jinya, likitar ta ce ƙwayar tana taimakon jama'a da yawa, amma suna zargin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, kuma suna bincike a kai. Ta nemi izinin ɗibar jini da ɗaukar hoton bayan Baraka. Hamma ya ce sam, matarsa ba abin kallo ba ce.

"Malam, ka yi haƙuri ka bari," in ji Baraka. "Wutar nan da na sha, ba na so wata ta sha. In ba su gani ba, da me za su gane?"

Sai Hamma ya fita ya ba su wuri.

An sauya mata magani zuwa na ɗigawa, amma idon hagun bai dawo ba. Da ta koma kasuwa, wasu suka riƙa ƙyamar tabon hannunta. Ba ta fasa fitowa ba, har suka saba. Duk sanda likitar ta aiko, sai ta hau motar Kano.

Wata damina ta ji labarin wani manomi a Tudun Kaya, Sulle, ya soma shan irin wannan ƙwayar ta maganin ido, bakinsa ya kumbura. Ta bar wa maƙwabciyarta ƙwaryar nono, ta nufi gidansu. 'Yan uwansa suka ce jiƙo zai ishe shi. Ta naɗe hannun riga ta nuna musu, ta zauna a zaure ta ce ba inda za ta sai an sa shi a mota.

Kafin la'asar suna hanyar Kano. Da kaka Sulle da kansa ya cire gyaɗarsa.